Waya mai ninkewa: a rage tambayar RAM, a fara tambayar ledar da ke kan sikirin

Duk wanda ya saba shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko shagunan Titin Beirut a Kano ya san tambayoyin da matasa ke yi kafin su biya kuɗi: RAM nawa ne, kyamara megafiksel nawa ce, batirin yana kai wa dare, tana ɗaukar 5G? Waɗannan tambayoyi sun wadatar a kan waya mai fuska guda wadda gilashi mai kauri ya rufe. Amma yanzu wayoyi masu ninkewa sun iso kusa. Samsung na da jerin Galaxy Z Fold da Z Flip, Tecno ya fitar da Phantom V Fold da Phantom V Flip a 2023, Infinix kuma ya biyo baya da Zero Flip a 2024. A kan irin waɗannan wayoyi, abin da zai yanke tsawon rayuwar wayar wata 'yar siririyar leda ce da ke shimfiɗe a kan sikirin na ciki, tare da gam ɗin da ke riƙe da ita. Kusan babu mai tambaya a kanta, kuma a nan asarar take ɓoye.

Ra'ayin wannan rubutu a fili yake: matashin da ke zaune a yankin da ake fama da zafi da ƙurar hunturu, wanda waya ɗaya ce jarinsa, bai kamata ya zuba kuɗinsa a waya mai ninkewa ba sai ya fahimci halin wannan leda, kuma sai kamfanin ya ba shi amsa a kan abu uku: ƙura, zafi, da kuɗin gyara.

Darasin shekarar 2019

A watan Afrilun 2019 kamfanin Samsung ya raba wa 'yan jarida da masu sharhin waya samfurin Galaxy Fold na farko, wayar da aka sa wa farashin dala 1,980. Cikin 'yan kwanaki sikirin na wasu daga cikinsu ya mutu. Wasu sun ga wata leda a saman sikirin, suka ɗauka irin ledar nan ce da ake ɓarewa idan an sayi sabuwar waya, suka ɓare ta, sikirin ya lalace. Wasu kuma ba su taɓa ledar ba, tarkace ne ya shiga ta gaɓar wayar ya tokare sikirin daga ƙasa. Dole kamfanin ya ɗage fitar da wayar daga ƙarshen Afrilu zuwa Satumba, ya tura gefen ledar ƙarƙashin bakin wayar yadda farce ba zai kama ta ba, ya kuma toshe ƙofofin da ke gaɓar.

Waɗannan mutane ne da aikinsu kenan, waya ce sana'arsu, kuma a ofisoshi masu sanyi suke zaune. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Me ke cikin sikirin mai ninkewa?

Sikirin ɗin hawa-hawa ne, kamar an jera takardu an manne su. A ƙasa akwai farantin ƙarfe ko wani abu mai ƙarfi da ke tallafe shi. A samansa akwai fitilun OLED, waɗanda ake ginawa a kan wata leda ta musamman mai suna foliyimaid. Sai kuma murfi mai haske, sai ledar kariya a can sama, wadda yatsa ke taɓawa. Tsakanin kowane hawa da mai bi masa akwai gam garai-garai mai taushi.

Leda da roba da gam duk dangi ɗaya ne da masana ke kira folima, wato abubuwan da ƙwayoyinsu dogaye ne kamar zare, sun sarƙe da juna kamar taliyar da aka dafa. Foliyimaid na cikin mafiya juriya a dangin. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da ita a shekarun 1960 da sunan Kapton, kuma tana jure sanyi da zafin da zai narkar da ledar kasuwa nan take. Laimar da ke kare na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb daga zafin rana, wadda aka harba a ranar 25 ga Disamban 2021, hawa biyar ce ta Kapton: na farko kaurinsa milimita 0.05, sauran huɗun kowanne milimita 0.025. Asalin wannan leda launin ruwan zuma gare ta, don haka sai da aka ƙirƙiro nau'in da ba shi da launi kafin a iya sa ta a matsayin murfin sikirin. Da irin wannan aka rufe Galaxy Fold na farko.

A watan Fabrairun 2020 Galaxy Z Flip ta zo da sabon abu: gilashi siriri da ake kira UTG, mai kaurin kusan maikuromita 30. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Takardar firinta ta yau da kullum tana da kaurin kusan maikuromita 100, ke nan wannan gilashi bai kai sulusin kaurin takarda ba. Sai dai ko da gilashin ya shigo, ledar ba ta fita ba. Gilashi mai wannan siranta ba zai iya tsayawa shi kaɗai ba, dole a lulluɓe shi da folima a sama.

Lissafin da ya sa komai ya zama siriri

Idan aka lanƙwasa abu, bayansa yana miƙewa, cikinsa yana matsewa, a tsakiya kuma akwai layin da ba ya miƙewa ba ya matsewa. Yawan miƙewar da bayan zai yi yana da lissafi mai sauƙi: a raba kaurin abin da faɗin da'irar lanƙwasar. A ɗauka faɗin da'irar milimita 3 ne. Gilashi mai kaurin milimita 0.03 zai miƙe da kashi 1 cikin 100. Gilashi mai kaurin rabin milimita, irin wanda ya yi kusa da na wayoyin da aka saba, zai buƙaci miƙewa da kusan kashi 17 cikin 100, abin da gilashi ba zai taɓa yi ba, tun da wuri zai tarwatse.

Akwai lissafi na biyu. Taurin abu wajen lanƙwasawa yana tafiya ne da kaurinsa sau kansa sau uku. Idan aka rage kauri da rabi, lanƙwasa shi zai yi sauƙi har sau takwas. Shi ya sa takarda ɗaya ke naɗuwa a yatsa, amma kwali ya gagara, alhali asalinsu ɗaya ne.

Wannan lissafi ne ke tilasta wa injiniyoyi su sa kowane hawa ya zama siriri, su kuma jera su ta yadda fitilun OLED za su zauna kusa da layin tsakiyar nan da ba ya shan wahala. Ledar sama tana cikin wannan lissafi. Wanda ya ɓare ta, ko ya ɗora wata mai kauri a kanta, ya sauya tsarin da aka auna tun a masana'anta. Abin da mai manna gilashin kariya a bakin kasuwa ya saba yi wa kowace waya lafiya lau, a kan sikirin mai ninkewa ɓarna ce. Littafin da ke zuwa da irin waɗannan wayoyi da kansa yana gargaɗin kada a cire ledar, kada a manna wata, kada a danna sikirin da farce ko biro, kada kuma a rufe wayar da kati ko mukulli a tsakiya.

Abin da ke lanƙwasuwa yana karcewa

A ma'aunin tauri, gilashi yana kusan gigafaskal 70, ledar Kapton kuwa kusan 2.5. Wannan rata ce ta sa leda ke ninkuwa cikin sauƙi, ita ce kuma ta sa ba ta iya kare kanta daga abu mai tsini.

Akwai wani tsohon ma'auni na karce da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Farcen mutum yana kusan 2.5, ma'adinin kwaz da ya cika yashi yana 7, daimon yana 10. Gilashin wayoyin da aka saba yakan fara nuna karce a mataki na 6. Lokacin da Zack Nelson, mai tashar JerryRigEverything a YouTube, ya gwada Galaxy Z Flip a 2020, sikirin na ciki ya fara karcewa tun a mataki na 2, domin abin da ke sama leda ce duk da gilashin da ke ƙarƙashinta. Ma'ana, farce kaɗai ya isa ya bar tabo.

Karce a irin wannan sikirin ya wuce batun kyan gani. Fitilun OLED ba sa shiri da danshi da iska, shi ya sa ake rufe su da wani siririn rufi mai hana su shiga. Idan abu mai tsini ya huda har ya kai wannan rufi, sai baƙin ɗigo ya bayyana, ya yi ta faɗi, ko wani layi ya tsaga sikirin daga sama zuwa ƙasa. A wannan mataki babu batun gyara, sai dai a canza sikirin gaba ɗaya.

Karin tsakiya da zafin rana

Kowa ya san layin nan da ke tsakiyar waya mai ninkewa, kamar karin guga a jikin shadda. Asalinsa yana cikin halin folima. Ƙarfen sifirin idan aka danne shi aka saki, nan take yake komawa yadda yake. Zuma idan aka tura ta ba ta dawowa. Folima tana tsakanin biyun: tana dawowa, amma a hankali, kuma idan ta daɗe a danne ba ta dawowa duka. Silifas ɗin roba misali ne da kowa ya sani, bayan watanni sai a ga sawun ƙafar mai shi ya zauna a jiki. Wayar da ke kwana a ninke, ta wuni a ninke a aljihu, haka leda da gam ɗinta ke koyon siffar ninkin.

Zafi yana hanzarta wannan. Kowace folima tana da wani matakin zafi da idan ta kai shi take sauyawa daga mai tauri zuwa mai laushi. Ga ledar PET, wadda ake yin robar ruwan sha da ita kuma ake yawan amfani da ita a ledar kariyar sikirin, matakin yana kusan digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. Gaban motar da aka ajiye a rana yana iya wuce digiri 60. Tun kafin a kai can, gam ɗin da ke tsakanin hawa-hawan ya riga ya yi laushi, shi ya sa ledar sama takan fara ɗagowa da kumfa daidai kan karin tsakiya. Sanyi mai tsanani kuma akasin haka yake yi, yana sa gam ya yi tauri, ninkin ya ƙara wa sikirin nauyi.

Yanzu a dubi alƙaluman talla. Samsung ya daɗe yana cewa an gwada wayoyinsa da ninki 200,000, wanda idan mutum na buɗewa sau 100 a rana zai kai shekara biyar da ɗoriya. A 2025 kamfanin Samsung Display ya sanar da cewa sabon sikirin ɗinsa ya jure ninki 500,000. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma an yi gwajin ne a digiri 25, inji ne ke ninkewa a tsanake, a ɗaki mai tsabta. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40 a inuwa, wayar kuma tana cikin aljihun ɗan acaba ko tana caji a shago mai rufin kwano. Alƙalumman ɗakin gwaji gaskiya ne a ɗakin gwaji. Mai saye a nan yana da haƙƙin ya ji alƙaluman da suka dace da inda yake.

Idan aka gangara zuwa nanomita

Akwai wani hawa da ya fi duk waɗannan siranta, kuma yana kan kusan kowace waya, mai ninkewa da marar ninkewa: shafen da ke sa yatsa ya zame sumul, maiƙo kuma ya ƙi kama gilashi. Folima ce mai sinadarin fulorin, kaurinta 'yan nanomita ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita.

A wannan siranta folima tana sauya hali. A 1994 Joseph Keddie da Richard Jones da abokiyar aikinsu a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun nuna cewa idan ledar folistirin ta yi ƙasa da kusan nanomita 40, tana yin laushi a zafin da bai kai wanda take buƙata ba idan tana da kauri. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa zaren da ke saman leda sun fi na ciki walwala, kuma idan leda ta yi siriri sosai, kusan dukkanta sama ce. A 2004 Christopher Stafford da abokan aikinsa a hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, suka fito da dabarar auna taurin irin wannan leda da ba ta kamuwa da hannu: a shimfiɗa ta a kan roba mai taushi, a matse, a auna tazarar yamutsewar da ta yi. Da wannan dabara aka gano cewa taurin wasu ledoji ma yana raguwa idan sun sirance zuwa 'yan gomman nanomita.

Darasin ga mai waya shi ne, ƙarfin abu a dunƙule ba ya tabbatar da ƙarfinsa idan an mayar da shi fatar albasa. Shi ya sa wayar da ta shekara ake goge ta da gefen riga mai ƙura take daina santsi, take kama zanen yatsa.

Ƙurar hunturu

Nan ne matsalar ta fi shafar wannan yanki. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska na kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke Chadi, ta baza ta a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Ƙwayoyin wannan ƙura ana auna su ne da maikuromita, kuma akwai kwaz a cikinsu, wato mai mataki na 7 da ke karce ko da gilashi. Waya mai ninkewa tana da gaɓa mai motsi, kuma tana rufe fuska biyu masu taushi a kan juna. Ƙwayar yashi ɗaya a tsakani ta isa.

Lambar IP da ake rubutawa a kwalin waya tana da amsar, ga wanda ya iya karanta ta. Lamba ta farko ta ƙura ce da tarkace, ta biyu ta ruwa ce. Galaxy Z Fold3 da Flip3 na 2021 sun zo da IPX8: an tabbatar da juriyar ruwa, harafin X kuma na nufin babu alƙawari a kan ƙura. Fold6 da Flip6 na 2024 sun zo da IP48, inda lamba 4 ke nufin kariya daga abin da ya kai milimita 1 ko fiye. Ƙwayar ƙura mai maikuromita 10 ta fi wannan ƙanƙanta sau ɗari. Sai lamba ta kai 5 ake maganar kariya daga ƙura, 6 kuma ita ce toshewa gaba ɗaya. A 2025 Google ya fitar da Pixel 10 Pro Fold da IP68, wanda ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne idan kamfani ya sa kansa.

Hujjar masu goyon baya

Masu son waɗannan wayoyi suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Babban sikirin da ke shiga aljihu yana da amfani ga mai karatu, mai zane, mai kasuwancin intanet da ke buɗe manhaja biyu lokaci guda. Fasahar ma ta yi nisa daga 2019. Sabbin gaɓoɓi suna barin sikirin ya lanƙwashe kamar ɗigon ruwa a ciki maimakon ya karye kaifi, kuma bisa lissafin da ya gabata, idan faɗin lanƙwasar ya ninka, wahalar da leda ke sha tana raguwa da rabi. Oppo da Huawei da Motorola sun riga sun bi wannan hanya, Samsung ya bi sahu da Fold5 a 2023. Mutane da yawa sun yi shekaru da wayoyinsu ba tare da matsala ba.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tambayar ita ce wa zai ɗauki asara idan abin ya faru. Wayar da aka saba idan ta faɗi, sau da yawa gilashin kariya mai araha ne ke fashewa, a ɓare a manna wani a ci gaba da harka. A waya mai ninkewa, sikirin na ciki yana cikin kayan da suka fi tsada a jikinta, ba kowane mai gyara ke da shi ko kayan aikin sa shi ba, kuma garanti ba ya cika ɗaukar lalacewar da aka danganta da mai waya. Ga wanda wayar nan ce bankinsa, shagonsa, da ajinsa, mako biyu babu waya asara ce ta daban.

Abin da ya kamata a yi

Kamfanonin da ke tallata waɗannan wayoyi a Afirka ta Yamma ya kamata su bayyana sakamakon gwajin ninki a zafi mai tsanani, su rubuta lambar IP ɓaro-ɓaro a talla, su kuma wallafa farashin canza sikirin na ciki da na ledar sama tun kafin a saya. Masu shago ya kamata su gaya wa mai saye cewa ledar ciki ba ta ɓarewa ba ce, ko da hakan zai rage musu ciniki ɗaya.

Mai saye kuma ya nemi amsar waɗannan kafin ya tura kuɗi: mece ce lambar farko ta IP, ina cibiyar gyara ta kamfanin mafi kusa, nawa ne sabon sikirin, kuma garantin na aiki a ƙasar da yake? Wanda zai sayi ta hannu ya buɗe ta a haske, ya sa farin hoto ya cika fuskar, ya duba karin tsakiya ko akwai kumfa, ɗagowar leda, ko baƙin ɗigo, ya kuma saurari gaɓar ko tana ƙarar yashi. Wanda ya riga ya mallaka ya riƙa share sikirin da tsumma mai laushi kafin ya rufe, ya nisanta ta da gaban mota da rana, kada ya sa ta aljihu ɗaya da mukulli, kuma idan leda ta fara ɗagowa ya kai cibiyar kamfanin maimakon ya ja ta da farce.

Ga mai hali da ke da waya ta biyu, waya mai ninkewa abin more rayuwa ce, babu laifi. Ga ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya tara kuɗi wata da watanni, shawara ita ce ya jira har lambar farko ta IP ta kai 5 ko 6 a wayar da aljihunsa zai iya, kuma har a samu wurin canza ledar a garinsu. Kafin nan, kuɗin da zai sayi mai ninkewa ɗaya zai iya saya masa waya mai kyau da kwamfutar hannu, ya kuma rage canjin data.